Cinikin Biri a Sama

Daga ƙolin injin ɗaga kaya a tashar Gdansk
nake kallon teku yana tauna ƙanƙara.
Kwantena ja, kwantena shuɗiya,
ni da ƙugiya muna jera su har asuba.
Can ƙasa, mutane kamar tururuwa.
Haka nake son ganin rundunata:
ƙanana, daga sama, suna jiran yatsana.

Zuloti ɗari huɗu na zuba a karo-karon nan,
mu dubu goma sha ɗaya, ba mai sanin fuskar wani.
Samari bakwai a wani ɗaki a Poznan
suka ce za su gina mana samaniya:
jiragen yaƙi masu girman unguwa,
duwatsu masu shawagi, a haƙo ƙarfe a cikinsu,
yaƙin da ba ya cewa "yi tunani, ina jira,"
kana kafa sansani a gabas, na yamma na ci da wuta.

Bogna ta ce, "Ludomir, cinikin biri a sama ka yi."
Na ce ai birin nan yana da hoto,
minti biyu da rabi, na kalla ya fi sau hamsin.
Ta ɗora tukunya, ko juyowa ba ta yi ba:
"Hoton miya ba ya jiƙa burodi."

Sun ce bazara.
Bazara ta zo, ta naɗe kayanta.
Lokacin Jagna tana aji uku,
yau kanta ya taɓa kafaɗata,
takalman da na fasa saya mata a watan nan
da yanzu ko babban yatsanta ba za su ɗauka ba.

Duk ƙarshen wata wasiƙa takan faɗo.
Mun rushe, mun sake gini daga tushe.
Mai zana jirage ya bi albashi zuwa Montreal.
Jiragen suna karo da juna in sun haura ɗari.
Ku ƙara haƙuri.
Na san romon baka in na ji ƙamshinsa,
amma na san gajiya ma:
a hotonsu na baya, idanun yaron nan mai gilashi
irin nawa ne bayan aikin dare.
Ɓarawo ba ya ramewa haka.
Ko kuwa yana yi? Ban sani ba.

Abin da ban faɗa wa Bogna ba:
mai ɗari huɗu yana raɗa wa jirgi suna.
Na rubuta Witold.

Kwamfuta ɗaya muke da ita, kujera ɗaya,
rabi nasa, rabi nawa.
Shi ke tara ma'adinai, a hankali, kamar mai tsintar wake,
ni nake ƙona su a hari ɗaya.
Ya kan ce, "Jira mana! Ba a gama ginin ba."
Ban taɓa jira ba.
Huhu ya ci amanarsa yana talatin da ɗaya.

To ga ni, Witold, ina jira.
Shekara huɗu. Ka gani?

Daren jiya saƙo ya shigo: ga ɗanɗano,
taswira ɗaya, jirage shida, kada ku sa rai da yawa.
Na dawo gida hannuna na warin man inji,
ban cire riga ba na danna.
Layin ya tsaya a sittin da uku.
Shayi ya huce.
Taragon farko ya wuce ƙarƙashin taga, babu kowa a ciki.

Wata zuciyar na cewa ba zai buɗe ba.
Wata na tsoron ya buɗe,
in duba jiragen nan shida ɗaya bayan ɗaya.

Jagna ta fito da bargo a kafaɗa,
ta dubi allon, ta dube ni.
"Matsa," ta ce.
Na ba ta rabin kujera.

Sittin da huɗu.